Kurakuran da ke lalata hoton tudun rairayi na baƙi da fari

Hotunan hamada da sababbin hannu ke ɗorawa kusan ciwonsu ɗaya ne: yashi ya fito toka-toka kamar siminti, sama ta yi dabbare-dabbare, sannan a lafta masa launin ƙasa a ce ai an yi hoto irin na da. Ba kyamara ce ke da laifi ba.

Tushen ɓarnar shi ne fita da tsakar rana. Tudun rairayi ba shi da bishiya, ba shi da dutse, duk siffarsa inuwa ce ke fito da ita. Ƙananan layukan nan da iska ke zanawa a jikin yashi ba sa nunawa sai rana ta haske su ta gefe, tana ƙasa-ƙasa. Da ta hau tsakiyar kai, inuwa ta gudu, tudu ya koma fili. Lokacinka awa ɗaya ce bayan fitowar rana, da awa ɗaya kafin faɗuwarta. Kada kuma ka bar rana a bayanka, ka sa ta a dama ko a hagunka, yadda gefe ɗaya na tudun zai yi haske, ɗayan ya yi duhu, kaifin ƙoƙuwarsa ya raba su. Safiya ta fi mini yamma, don sau da yawa iskar dare ta riga ta share sawaye.

Maganar sawu kuwa, kada ka taka inda za ka ɗauka. Ka zagayo ta ƙasa, ka duba, sannan ka hau.

Sai yarda da ma'aunin hasken kyamara ido rufe. Shi ma'aunin an gina shi ne ya mayar da duk abin da ya gani toka-toka tsaka-tsaki, to in ya ga yashi mai haske ya cika fili sai ya rage haske. Ka danna maɓallin +/- ka ƙara haske mataki ɗaya, wani lokacin ɗaya da rabi, ka kuma duba histogiram, wato zanen da ke nuna yawan haske da duhu a hoton: ya matsa dama, ɓangaren haske, amma kada ya manne da bango. Allon kyamara a cikin rana maƙaryaci ne. Ka tsaya a ISO 100 (ƙarfin jin haske na kyamara), buɗewar gilashi kuma f/8 zuwa f/11. Zuwa f/22 kaifin hoto yake ragewa, kuma yana tona asirin duk ƙurar da ke kan sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara.

Canja gilashin kyamara iska na kaɗawa ganganci ne. Haka goge shi da kyalle kafin a hure shi da famfon roba: ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce shi. In za ka kafa mariƙi mai ƙafa uku, fara zaro sassan ƙasa don gaɓoɓin su yi nesa da yashi. Gilashi mai ɗaukar fili da faɗi kuma ba dole ba ne. Gilashi mai jawo nesa na 70-200mm yana tattaro tudu bayan tudu su jeru kamar an ninke zane.

Yanzu ga inda abin ya fi ban takaici, wato kan kwamfuta. Mutum ya sha sammako, ya sha yashi a ido, ya dawo ya zare launi da dannawa ɗaya ya ce ya gama. Haba! Yashi ruwan goro ne, sama shuɗiya ce, amma in haskensu ya zo ɗaya, da an zare launi sai su narke su zama toka iri guda. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin kyamara, don JPEG na baƙi da fari ya riga ya zubar da launukan da za ka yi aiki da su. A manhajojin gyaran hoto na Lightroom ko Photoshop akwai wurin da ake juya kowane launi shi kaɗai: ɗaga ruwan goro da rawaya yashi ya yi haske, sauke shuɗi sama ta yi duhu. Sai dai inuwar tudu ma tana da shuɗi-shuɗi, don hasken sama ne ke cika ta, saboda haka ita ma za ta bi. In ka ja shuɗi har ƙarshe, sama za ta yi tsakuwa-tsakuwa, wani farin zare kuma ya bi bakin tudun. Ka girmama hoton zuwa kashi 100 ka bi ƙoƙuwar nan da ido. Da ka ga zaren, koma baya. Clarity, maɓallin da ke ƙara fito da zanen jikin abu, ma haka yake yi in an cika hannu. Ni a kan yashi kaɗai nake shafa shi, ba na barin ya taɓa sama.

Rini, wato ɗan launin da ake sa wa hoton baƙi da fari, shi ne na ƙarshe, bayan baƙi ya zauna, fari ya zauna. Masu yin rinin sefiya (launin ƙasa irin na tsofaffin hotuna) da na seleniyom a ɗakin wankin hoto sinadarin azurfar da ke jikin takarda suke sauyawa, shi ya sa farin takardar kan tsira kusan yadda yake. Mai kwamfuta kuwa sai ya kwara launi ko'ina, hoto ya fito kamar an tsoma shi a ruwan laka. In mai kallo ya fara ganin launin kafin ya ga tudun, ka wuce gona da iri. A sashen rini na Lightroom mai suna Color Grading, wanda ya maye gurbin Split Toning a 2020, ina sa wa wuraren haske lambar launi wajen 40 zuwa 45, ƙarfinsa bai wuce 10 ba. Inuwa kuma shuɗi wajen 220, ƙarfi 5 ko ƙasa da haka. Wasu na kai shi 20, ni ban ga kyansa a kan yashi ba. Bayan nan ka kashe rinin, ka kunna, ka tashi ka bar allon na minti goma, don ido saurin sabo yake yi da launi har ya daina ganinsa.

Ka yi aikin a 16-bit, wato fayil mai riƙe matakan haske da yawa, in ba haka ba sama na iya yin layi-layi. Kada ka mayar da fayil ɗin Grayscale, wato tsarin toka zalla, ba ya riƙe rini. Ka bar shi a tsarin launi na RGB, in za ka ɗora a intanet ka fitar da shi a nau'insa na sRGB. Hotunan da za su jeru tare kuma ka ba su lambobin rini iri ɗaya.