Gudun fanfalaki na sakan 30 da gaskiyar abin da yake wa teɓa

Masu tambaya wai da gaske ne gudun sakan 30 na narkar da teɓa, to abin yana aiki amma ba yadda ake zuzuta shi a TikTok ba.

Tsarin shi ne ka sheƙa iya ƙarfinka sakan 20 zuwa 30, sai ka koma tafiya a hankali minti 3 ko 4, ka sake, kamar sau 4 zuwa 6. Iya ƙarfinka fa nake nufi, wanda in ka tsaya ko gaishe ka aka yi ba ka iya amsawa don haki.

Ga abin da mutane da yawa ba su gane ba. Lokacin da kake cikin gudun nan ba kitse jiki ke ƙonawa ba, sukarin da ya ɓoye cikin tsoka yake ɗiba don shi ke saurin kamawa, shi kitse sai da isasshiyar iska kuma a hankali yake ci. Sai ka tsaya kana haki sannan jiki ke fara biyan bashi, zuciya na ta bugawa, jiki bai huce ba, yana mayar da abin da ya kashe, to nan kitse ke shigowa kuma abin kan ɗan ci gaba ko ka koma gida. Amma wallahi wannan ƙarin ba shi da yawa, lemun kwalba guda ya isa ya shafe shi, ga shi kilo ɗaya na kitse ya kai kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, wajen 7,700.

Inda ribar take shi ne lokaci. A 2016 Martin Gibala da abokan aikinshi na jami'ar McMaster ta Kanada sun sa wasu maza marasa motsa jiki tuƙa keke iya ƙarfi sakan 20 sau 3 cikin zaman minti 10, sau uku a mako har mako 12, wasu kuma suna minti 45 a hankali, da aka auna ƙarfin numfashinsu da yadda jikinsu ke sarrafa suga sai aka ga kusan ci gaba ɗaya suka samu. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke cewa ba shi da lokaci, to ga hanya.

In kana Birnin Kebbi filin wasa na Haliru Abdu ya yi, ko duk wani filin ƙwallo na unguwa mara ramuka, kada ka yi kan kwalta cikin 'yan kabu-kabu. Fito bayan asuba, don zafin Maris da Afrilu nan garin yana wuce digiri 40, gudu da tsakar rana neman suma ne. Sa kambas, ba silifas ba. Ka dumama jiki minti 10 da sassarfa, kada ka tsallake wannan don Allah, tsokar bayan cinya na iya tsinkewa in jiki na sanyi kuma jinyarta makonni ce. Makon farko sau 3 na sakan 15 ya ishe ka, ba da duk ƙarfi ba, sannu a hankali kake ƙarawa. Sau biyu ko uku a mako, da hutun kwana a tsakani. Mai ciwon gwiwa ya yi da keke.

Mai hawan jini, ciwon zuciya, ciwon suga, ko wanda ya daɗe bai motsa ba kuma shekaru sun ja, ya ga likita tukuna. Ka ji ƙirji ya riƙe ko jiri, tsaya nan take. Da azumi kuma bari sai bayan shan ruwa abinci ya faɗa.

Sai maganar ciki, gudun nan na sa wasu yunwa daga baya, in ka dawo ka zauna wa malmala uku ta tuwon shinkafa ka bi da fura mai sukari cokali huɗu, teɓa na nan daram. Rage malmala ɗaya, ƙara kifi ko wake da ganye, kuma ka riƙa auna ƙugunka da tef ɗin tela duk mako biyu, ya fi sikeli nuna ma abin da ke faruwa.