Kwalba ko gwangwani: kurakuran da sabbin masu dafa giya ke ta maimaitawa

Gaskiya na gaji da tambayar nan ta sabbin shiga, wai kwalba ce ta fi ko gwangwani, alhali in ka ɗanɗana abin da suka ɗura sai ka tarar matsalar ba ta mazubi ba ce ko kaɗan. Gwangwani haske ba ya ratsa shi, ga shi ba nauyi, tun 1935 kamfanin Krueger ya fara sayar da giya a cikinsa a Amurka, ƙananan masana'antu kuma suka bi sahu bayan Oskar Blues na Colorado ya fara a 2002. Kwalba kuwa ka wanke ka sake amfani da ita, abin rufe ta ma na hannu ne. Duk biyun suna aiki, hannun mai ɗurawa ne ke ɓata su.

Babban abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne gaggawa. Mutum ya ga ɗan bututun saman bokiti ya daina fitar da kumfa sai ya ce ai yis ya gama aiki, ya hau ɗurawa. Haba ɗan'uwa! Murfin da bai zauna daidai ba ma yana sa kumfar ta tsaya, sanyi ma yana sa yis ya lafa ba tare da ya gama cin sukari ba. Haidiromita, wato ma'aunin da ke nuna sukarin da ya rage a giyar, ita ce kaɗai za ta gaya maka gaskiya, ka auna yau ka rubuta, bayan kwana uku ka sake aunawa, in ka ga 1.012 ta koma 1.010 to ka bar ta ta huta, ba ta gama ba. Wannan maki biyun da kake rainawa ya isa ya ƙara gas da ya kai kusan cikin kwalbar guda, a kan wanda sukarin da ka zuba lokacin ɗurawa, don yis ya mayar da shi gas, zai kawo. Ni wannan ya taɓa cinye min dahuwa sukutum. Cikin dare na ji ƙara daga kabad, da na buɗe sai ga tsinin gilashi ya nutse a jikin katako, giya tana bin ƙasa, sauran kwalaben kuma sai da na rufa musu tawul na sa safar hannu kafin na iya taɓa su. Da yaro ne a tsaye a wurin fa? Kuma kar wani ya ce gwangwani zai cece shi, shi ma kumbura yake, gindinsa ya turo waje, ɗinkin murfin ya yage, musamman ga masu zuba 'ya'yan itace a ƙarshe su rufe ba su tace ba, ba su kashe yis ɗin da zafi ba.

Sukarin ɗurawa kuma ku daina auna shi da cokali kwalba bayan kwalba. Ni a sikeli nake aunawa, wajen giram 6 a kowace lita, in narka shi a tafasasshen ruwa, in juye giyar a kansa a hankali.

Na biyu iska. Nan ne masu sabon injin gwangwani suke faɗawa rami, sun kashe kuɗi sun sayi inji suna ganin sun zama manya, bayan wata ɗaya giyar ta yi duhu, ƙamshin hops, furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi, ya gudu, a baki sai ka ce kana taunar jiƙaƙƙen kwali. Oksijin ne ya yi wannan aikin. Bakin gwangwani faɗi gare shi, kafin murfi ya sauka iska ta shiga son ranta. Abin da nake yi, giyar ta yi sanyi sosai kusan digiri 1 ko 2, in fara hura gas ɗin CO2 a cikin gwangwanin ya kori iska, bututu ya kai har ƙasa kada ta fantsama, sannan in ɗora murfi a kan kumfa tana tasowa in rufe nan take. Ba wai ka jera goma a buɗe kana hira sannan ka dawo rufewa ba, wannan sakaci ne ba wani abu ba. Sannan injin kansa, ƙafafun naɗi biyu gare shi, na farko ya lanƙwasa baki na biyu ya matse, kuma saitinsu yana gocewa. Wa ya taɓa gaya muku ana saita shi sau ɗaya a manta? Kafin kowane aiki ka rufe guda da ruwa mai gas, ka girgiza, ka kifa, ka yaga ɗinkin ka duba da idonka. A kwalba da sauƙi kaɗan tunda yis mai rai yana cinye wani ɓangare na iskar, amma ba duka ba.

Sauran ƙanana ne. Kwalba kore ko fara tana barin haske ya taɓa hops ya kawo wani wari mara daɗi cikin mintuna, ka nemi mai ruwan ƙasa. Kwalba mai murfin murɗawa ba ta rufuwa da kyau da abin hannu. Murfi akwai mai milimita 26 akwai mai 29, ka duba bakin kwalbarka kafin ka saya. Wankewa daban kashe ƙwayoyin cuta daban, kuma bilic in ba a ɗauraye shi tas ba ɗanɗanon magani yake bari, ni Star San, wani ruwan kashe ƙwayoyin cuta, nake amfani da shi. Kar ka ajiye kaya a wuri mai zafi, kuma ka rubuta ranar ɗurawa a kan murfi.

In lita 20 kake dafawa a gida ka tsaya a kan kwalba, domin gwangwani sau ɗaya ake amfani da shi, kuma sai kana da tulun gas da firij da zai sanyaya giyar kafin ya yi maka rana. Ƙaramar masana'anta da ke aika kaya nesa ita ce ke da dalilin komawa gwangwani, ita ma gara ta fara da hayar masu zuwa da injinsu su ɗura mata, ma'aikatanta su tsaya su koyi duba ɗinki kafin ta sayi nata.