Yadda matata ta fara aiki a Amurka kafin girin kat ya zo

Matata ta shigo Amurka da bizar aure ta CR1. Ta samu aiki, sai ma'aikaciyar da ke karɓar takardu ta ce a kawo katin izinin aiki ko girin kat (katin zama na dindindin), alhali ba ko ɗaya a hannunmu.

Da farko na zauna cike fom I-765 na neman izinin aiki, har na kusa biyan kuɗi. Ashe irin masu neman zama na dindindin daga cikin ƙasa ne ke buƙatarsa. Wanda ya shigo da bizar zama, tun daga filin jirgi ya zama mazaunin dindindin. Na kuma zargi lambar Social Security (lambar shaida ta aiki da haraji) da ba ta iso ba, ita ma ba ta hana fara aiki.

Maganin yana cikin fasfonta. A ƙasan bizar an rubuta cewa da zarar jami'in shige da fice ya buga hatimi, bizar ta zama I-551 (wato girin kat) na wucin gadi har shekara 1. Na buga shafin jerin takardu na fom I-9, wanda ake cikewa a wurin aiki don tabbatar da izinin aiki, na ja layi a jeri na A, inda aka ambaci fasfon waje mai wannan rubutu. Ta kai ainihin fasfon, ba kwafi ba, ta nuna bizar da hatimin. Aka cike sashe na 2 na fom ɗin nan take.

Sai na duba asusunta na USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka, na tabbatar an biya kuɗin girin kat ɗin, don ba a aiko shi sai an biya.

Alhamdu lillahi, ranar Litinin ta fara.