Ƙarancin Bitamin D da Hawan PTH: Yadda Ake Karanta Gwajin Kafin a Fara Shan Magani

A bayan tayirod, wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo, akwai wasu ƙananan ƙullutai huɗu, kowanne bai fi ƙwayar shinkafa ba. Su ake kira faratayirod. Suna fitar da sinadarin PTH, wanda ke daidaita kalsiyam a jini. Idan gwaji ya nuna bitamin D ya yi ƙasa, kada a fara haɗiyar ƙwaya sai an ga kalsiyam da PTH, domin su ukun tare ake karanta su.

A nemi a ɗebi jini rana ɗaya a auna kalsiyam, albumin (wani furotin na jini da kalsiyam ke maƙale masa), PTH, bitamin D nau'in 25-OH da aikin ƙoda. Mai shan biyotin don gashi ya dakatar da shi kwana biyu zuwa uku tukuna, yana iya rikita sakamakon PTH. A kuma faɗa wa likita idan ana shan maganin hawan jini irin tayazayid, ko lithiyam da ake bayarwa don taɓin hankali, dukansu suna ɗaga kalsiyam. A yawancin ɗakunan gwaji, kalsiyam mai kyau yana tsakanin 8.5 da 10.5 mg/dL, PTH kuma 15 zuwa 65 pg/mL. Bitamin D ƙasa da 20 ng/mL ƙaranci ne. Idan albumin bai kai 4 ba, a ƙara 0.8 a kan kalsiyam ga kowane 1 da ya gaza.

In PTH ya hau amma kalsiyam yana daidai ko ƙasa, galibi ƙullutan lafiyarsu lau, ƙaimi suka ƙara saboda rashin bitamin D, ciwon ƙoda, ko abinci maras kalsiyam. Wannan na ƙarshe sananne ne a wajenmu: binciken da aka yi a Jos ya nuna gwamewar ƙafar yara da yawa daga ƙarancin kalsiyam a abinci take. A gyara sanadin, a sake awo bayan wata uku.

Inda kalsiyam ya haura iyaka kuma PTH bai sauka ba, cutar tana cikin ƙullutun kansa. A nan ake yawan kuskure: PTH na 50 tare da kalsiyam na 11 ba lafiya ba ce, domin da ƙullutan na aiki daidai da sun yi shiru. Kusan takwas cikin goma, tsiro ɗaya ne wanda ba daji ba. PTH mai yawa yana ƙarar da bitamin D da sauri, shi ya sa ake ganinsa ƙasa, a ɗora masa laifi, a yi ta ba mutum bitamin D har IU 50,000 (IU ma'aunin bitamin ne) duk mako har kalsiyam ya ƙara hawa, ga ƙishirwa, yawan fitsari, taurin bayan gida da tsakuwar ƙoda.

Duk da haka ba a barin ƙarancin. Ana farawa da IU 800 zuwa 1,000 a rana, a sake auna kalsiyam bayan 'yan makonni, ana neman bitamin D ya wuce 30 ng/mL. A sha ruwa sosai, musamman da bazara. Kada a daina shan nono, rage kalsiyam a abinci ƙara tunzura PTH yake yi. A tara fitsarin awa 24 a auna kalsiyam ɗin cikinsa, don ware wani nau'in hawan kalsiyam na gado da tiyata ba ta yi masa amfani.

Ana ba da shawarar tiyata idan kalsiyam ya zarce iyaka da 1 mg/dL, ko shekaru ba su kai 50 ba, ko akwai tsakuwar ƙoda, raunin ƙoda, ko ƙashi ya yi sako-sako. A cike bitamin D kafin aikin. In ba haka ba, ƙasusuwa sukan zuƙe kalsiyam bayan an cire tsiron. Bayan tiyata, wanda ya ji dindiris a leɓe da yatsu ko hannu yana murɗewa, ya koma asibiti a ranar.