Yadda na gyara gadon prototype a JavaScript

Wani tsohon code aka ban in duba, akwai function biyu a ciki, Dalibi da Mutum, Dalibi na gadon Mutum, amma duk method ɗin (wato aikin da object zai iya yi) da aka ƙara wa Dalibi sai kawai ya ɓullo a Mutum shi ma. Ashe Dalibi.prototype = Mutum.prototype aka rubuta, wato prototype ɗaya (object ɗin da ake ajiye methods ɗin da za a gada) su biyun suke riƙe da shi. Na canza shi zuwa Object.create(Mutum.prototype), wanda ke ƙirƙirar sabon object mai gadon na Mutum, sannan na sa Dalibi.prototype.constructor = Dalibi, in ba haka ba constructor ɗin (mai nuna function ɗin da ya ƙirƙiri object) zai riƙa nuna Mutum maimakon Dalibi. Sunan ɗalibin kuma undefined (wato ba a sa masa komai ba) yake ta fitowa, sai da na kira Mutum.call(this, suna) a cikin Dalibi tukuna ya daidaita. Class da extends da suka zo a 2015 kusan wannan aikin suke yi a ɓoye, in sabon aiki ne wallahi su zan ɗauka.