Yadda Ake Canza Haƙoran Aksul na Baya Don Mota Ta Riƙa Tashi da Sauri

Motocin Amurka masu babban inji, irin su Ford Mustang da ta fara fitowa a 1964 da Chevrolet Camaro da Dodge Charger, ba kasafai ake ganinsu a garuruwanmu na karkara ba, sai fa idan wani mai sha'awa ya shigo da ɗaya lokacin sallah ko biki. Amma duk wanda ya taɓa kwanciya a ƙarƙashin Hilux ko tsohuwar Marsandi a wani gareji na Wudil ko Ringim ya riga ya san tsarinsu, domin dukkansu tayoyin baya ne ke tura su. Inji yana ba giya ƙarfi, giya ta miƙa wa farfela, wato doguwar sandar da ke juyawa a ƙarƙashin mota, ita kuma farfela ta kai shi cikin ƙoƙon da ke tsakiyar aksul na baya. A cikin ƙoƙon nan akwai ƙarafa biyu masu haƙora: babba mai kama da faifai, wanda kanikawa ke ce wa kirawun, da ƙarami da ake kira finiyan. Canza waɗannan biyun yana cikin hanyoyi mafi tasiri na sa mota ta zabura daga tsaye ba tare da an kwance inji ba.

Lambar aksul tana fitowa ne idan aka raba yawan haƙoran kirawun da na finiyan. Kirawun mai haƙora 40 da finiyan mai 13 suna ba da 3.08, wato sai farfela ta juya sau uku da 'yan kai kafin taya ta juya sau ɗaya. Haƙora 41 da 11 suna ba da 3.73, haƙora 41 da 10 kuma 4.10. Duk lokacin da lambar ta hau, ƙarfin murɗawa da ke isa taya yana ƙaruwa daidai gwargwado, saboda haka wanda ya tashi daga 3.08 ya koma 3.73 ya samu ƙarin kusan kashi 21 cikin ɗari a kowace giya, alhali ƙarfin injin kansa yana nan yadda yake.

Wannan ƙarin yana da farashi, kuma ya kamata a yi lissafinsa da biro kafin a taɓa sifana. Taya mai tsayin inci 26 tana juyawa kusan sau 800 a minti ɗaya idan mota na gudun kilomita 100 a awa. Idan giyar ƙarshe ta motar tana juya farfela daidai da inji, kamar yadda yake a yawancin tsofaffin motocin nan masu giya huɗu, to da 3.08 inji zai riƙa juyi kusan 2,470 a minti, da 3.73 ya kai kusan 3,000, da 4.10 kuma kusan 3,300. Mai motar da ke bin titin Kano zuwa Dutse kowane mako zai ji wannan bambanci a kunnensa da aljihunsa, domin ƙarar inji da shan fetur da zafi duk ƙaruwa suke yi, iyakar gudun motar kuma tana iya raguwa. A ganina 3.55 ko 3.73 sun ishi motar da ake tafiya da ita, ita kuwa 4.10 ta fi dacewa da wadda ke da giya ta biyar mai sauƙaƙa wa inji, ko wadda gajeren tsere kawai aka ajiye ta dominsa. Akwai kuma maganar ƙasa: a hanyar burji ko yashi, ƙarin ƙarfi a taya yakan ƙare ne a tonon rami da tayar da ƙura, sai a kan kwalta ake cin moriyarsa.

Kafin a sayi komai, a tabbatar da lambar da ke jikin motar yanzu. Wasu aksul suna da ɗan ƙarfe mai rubutu a maƙale da ɗaya daga cikin notinan murfi, sai dai tsohuwar mota ta bi hannaye da yawa, don haka ƙirga ya fi. A ɗaga bayan motar a ɗora ta a kan matokarai masu ƙarfi, kada a dogara da jak kaɗai, a sa giya a firi, a yi alama da alli a taya da farfela. Idan aka juya taya ɗaya sai ɗayar ta bi ta gefe guda, a juya sau ɗaya a ƙirga juyin farfela. Idan kuwa ɗayar ta juya baya, a sauke ta ƙasa ta tsaya, a juya ta saman sau biyu cif, juyin da farfela ta yi shi ne lambar.

Sai sanin irin aksul ɗin, domin haƙoran wani ba sa shiga wani. Na Ford mai inci 9 (faɗin kirawunsa ke nan), wanda ya fito a 1957, ana cire cikinsa gaba ɗaya ta gaba a ɗora a kan tebur, abin da ke sauƙaƙa aiki ƙwarai. Na Ford mai inci 8.8 da ke cikin Mustang tun 1986, da na Chevrolet mai noti 12, ta murfin baya ake shigarsu. A na Chevrolet, gidan da kirawun ke zama a kai yana da iyakar lambobin da yake ɗauka, wanda ya tsallaka iyakar sai ya canza gidan ko ya nemi kirawun mai kauri. Kirawun da finiyan tare ake goge su a masana'anta, tare kuma ake sayensu; kada a yarda da wanda aka haɗo daga motoci biyu, ko da a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano an rantse cewa iri ɗaya ne. A haɗa da sababbin boris da sil da siraran washoshin saiti. Idan motar mai jan tayoyi huɗu ce, dole gaba da baya su zama lamba ɗaya.

Kwancewa ba ta da wuya. A tsiyaye mai, a cire farfela, a zare sandunan aksul, a yi wa murafun boris alamar dama da hagu domin kowanne ya koma mazauninsa, sannan a fito da gidan kirawun da finiyan. Abin da za a kiyaye shi ne ƙura: a gindin darbejiya da iskar hunturu, ƙwayar yashi ɗaya a cikin boris ta isa ta ɓata aikin yini, saboda haka a shimfiɗa buhu mai tsabta a rufe kayan da wani.

Saiti shi ne ainihin aikin, kuma nan ne ake gane bakaniken da ya iya. Abu na farko shi ne zurfin finiyan, wanda washar da ke bayansa ke ƙayyadewa. A fara da kaurin tsohuwar washar. Na biyu shi ne ɗaurin boris ɗin finiyan: ana ɗaure babban notin kaɗan-kaɗan ana gwada nauyin juyawarsa da ƙaramar sifana mai ma'auni. A aksul mai ɗan bututun da ke lotsewa idan an ɗaure, wanda ya wuce gona da iri ba ya sassautawa, sai ya sa sabon bututu. Na uku shi ne 'yar tazarar da ke tsakanin haƙora, wadda ake aunawa da agogon awo mai allura a wurare uku ko huɗu na kirawun. A aksul mai inci 8.8 ana neman kusan milimita 0.20 zuwa 0.30, amma takardar da ta zo da kayan ita ce abin bi.

Daga nan sai a shafa wa haƙora huɗu ko biyar fentin gwaji mai ruwan ɗorawa, a juya kirawun gaba da baya ana ɗan danne shi da tsumma. Inda fentin ya goge shi ne inda haƙora ke haɗuwa. Ana son tabon ya zauna a tsakiyar haƙori, kada ya hau can saman baki, kada kuma ya nutse a gindi. Idan ya hau sama, finiyan na bukatar matsowa ciki, wanda a aksul mai murfin baya ake yi da washa mai ƙarin kauri. Idan ya nutse, a ja finiyan baya. Kowane canjin washa yana taɓa tazara, sai an sake aunawa, kuma ba abin mamaki ba ne a kwance a mayar sau uku ko huɗu. Yaron gareji yakan gaji ya ce, "Maigida, ai ya yi haka," amma haƙoran da aka rufe a kan saiti mara kyau kuka suke yi a kan hanya, kuma da zarar sun ci juna a haka, sabon saiti ba ya kashe kukan.

A zuba man giya mai lambar GL-5, a ƙara maganin da ake sa wa aksul mai kuloci (wanda tayoyinsa biyu suka juya gefe guda a gwajin ƙirga) idan irinsa ne. Sababbin haƙora suna zafi sosai, don haka a yi tafiyar minti 15 zuwa 20 a hankali, a tsaya su huce, a maimaita sau biyu ko uku. Kada a take totur da ƙarfi ko a ja kaya sai an yi kusan kilomita 800, sannan a canza man. Agogon gudu da ke karɓar lissafinsa daga giya zai riƙa nuna fiye da gaskiya da irin kashin da aka ƙara, wato ya nuna kusan 121 alhali motar na kan 100, sai an canza ɗan haƙorin robar da ke bakin wayarsa a tsohuwar mota, ko an gyara lissafin a kwamfutar sabuwa.