Girkin gobe da daddare ake fara shi: yadda nake tsara kicin ɗin gidan abinci

Ni ce ke riƙe da kicin a wani gidan abinci da ke kusa da titin Ahmadu Bello a Kaduna. Mu bakwai ne a ciki, kuma kafin ƙarfe 12 na rana dole tuwo da miya da shinkafa su shiga kula, domin ma'aikacin da ya fito daga ofis da yunwa ba ya sauraron uzuri. Masu shirin buɗe gidan abinci sukan zo su tambaye ni wace irin tukunya za su saya, sai in ce musu su fara sayen biro da littafi tukuna.

Da zarar kwastoman ƙarshe ya fita, kafin kowa ya cire riga, ina buɗe firij da firiza da sito in duba da idona. Ba na yarda da "akwai saura, Hajiya". Saura nawa? Roba ɗaya ko rabi? Abin da na gani shi nake rubutawa, sannan in juya allon da ke jikin bango in jera aikin gobe, kowane aiki da sunan mai yinsa a gabansa. In ka rubuta "yankan albasa" kawai ba suna, da safe za ka tarar da mutum uku suna kallon buhu, kowa na jiran ɗan'uwansa. A daren ne kuma ake sauko da naman gobe daga firiza zuwa can ƙasan firij ya saki a hankali. Kada a bar shi a bokiti a tsakar kicin ya kwana.

Yawan abin da za a dafa daga littafin ciniki yake fitowa. Ke mai shirin buɗe gidan abinci, ki riƙa rubuta faranti nawa aka sayar kowace rana, cikin wata biyu za ki san halin mutanenki. A wurinmu Juma'a bayan an sauko daga masallaci tuwo ya fi tafiya, ƙarshen wata in albashi ya shigo farfesu da kaza ba sa kai la'asar, tsakiyar wata kuwa shinkafa da wake ce sarauniya. Kuma ki auna da sikeli, don mudun wannan ba na wancan ba ne. Kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa yana ba ni faranti 8 zuwa 9 da ludayin da muke zubawa da shi, saboda haka in ina sa ran faranti 70, na san kilo 8 zan wanke. Kada kuma ki cika jerin abinci don burge mutane. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Miya uku da kika iya sun fi takwas da rabinsu zai kwana.

Cefane kuwa, da sanyin safiya ake kama fara. Kayan miya daga Bakin Dogo muke ɗaukowa, nama daga mahautar Tudun Wada, wake da masara da gero kuma mu jira Talata mu saya da yawa a kasuwar Kawo. Da rani tumatir na araha, sai mu sayi kwando. In damina ta kama ya yi tsada, mu koma kan tattasai da busasshen tumatir da ɗan na gwangwani. Ki tsara wannan tun kafin lokacin ya zo, kada farashi ya same ki a bakin murhu.

Da safe doka ɗaya ce: abin da ya fi daɗewa a wuta shi ke fara hawa. Ganda da ƙafar saniya suna cin awa uku zuwa huɗu, don haka ƙarfe 6 suna kan gawayi a waje, ba na ƙona musu gas. Kayan ciki a wanke su sosai su bi baya. Sai wake, sai naman miya, wanda romonsa za a tace a ajiye gefe domin shi ne ran dafa-duka da miyar taushe. Shinkafa ce ta ƙarshe, kuma kashi biyu nake dafa ta, ɗaya ƙarfe 11, ɗaya wajen ƙarfe 2. Tuwon shinkafa ma haka. Wanda aka tuƙa tun hantsi ya kwanta a leda har la'asar, ko makaho ya taɓa ya san ya kwana biyu a ransa.

Inda nake so ki fi mai da hankali shi ne markaɗe. Tumatir, tattasai, attaruhu da albasa, a wanke a cire hancinsu tun kafin a kai inji. Idan ya dawo, kada a soya shi kai tsaye. A zuba a babbar tukunya ba murfi, a bar shi ya yi ta tafasa har ruwan ya tsotse, ya yi kauri, kumfar saman ta ɓace, kina jan muciya kina ganin gindin tukunya na ɗan lokaci kafin ya rufe. Sannan a soya har mai ya taso sama ya yi ja, tsamin ya tafi. Wannan tukunya ɗaya ita za a raba: kaso na jar miya, kaso na jalof, kaso na agushi, ɗan kaɗan na farfesu. Mutum ɗaya ya yi aiki sau ɗaya maimakon murhu huɗu kowa na soya nasa, kuma ɗanɗanon gidan ya zama ɗaya kullum.

A kan markaɗen nan na taɓa yin asarar da har yau nake jin ta. Watan Afrilu ne, zafi kamar a gasa mutum. Wani yaro sabon zuwa ya sauke tukunya da yamma, ya juye ta da zafinta cikin kula ya danne murfi, wai don kada ƙuda ya faɗa. Da asuba na ɗaga murfin, kumfa na tsattsafowa, warin tsami ya buge ni. Na ce, "Ɗana, wa ya ce ka rufe?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, gani na yi a gida haka ake yi." Laifina ne, ban nuna masa ba. Kwandon tumatir guda muka zubar a kwata. Tun daga ranar, duk abin da za a ajiye sai a baza shi a faffaɗan tire mara zurfi ya huce da wuri, cikin awa biyu ya shiga firij. Dafaffiyar shinkafa ta fi kowa wannan haɗari, domin tana iya ɓata ciki ba tare da ta yi wari ba.

Ki sayi ɗan ma'aunin zafi, ba shi da tsada. Firij kada ya haura digiri 5, firiza ta tsaya a 18 ƙasa da sifili, kaza kuma sai tsakiyar cinyarta ya kai 75, abin da ke cikin kula yana jiran kwastoma kada ya sauko ƙasa da 60. Kowace roba a manna mata salatif a rubuta abin da ke ciki da kwanan wata, tsoho a jawo shi gaba, sabo a tura baya. Ɗanyen nama a ƙasa, dafaffe da ganye a sama. Katakon yankan nama daban, na kabeji da latas daban, har igiya mai launi na ɗaura wa wuƙaƙensu. In an ɗauke wuta, babu mai buɗe firiza sai da izinina.

Ƙarfe 11 da rabi nake zagayawa da cokali in ɗanɗana kowace tukunya, in duba an jera faranti, leda, robobin masu tafiya da abinci da yaji a inda hannu zai kai. Sallar azahar tana faɗowa daidai lokacin cunkoso, don haka bibbiyu muke fita, kuma wannan ma yana kan allo tun daren jiya, an rubuta wa zai riƙe ludayi kafin wane ya dawo.